Abokiyar Wasan da Ta Tsufa: Tarihin Labaran Yara na Ratsa Zamani

A shekara ta 1958 maɗaba'ar Jami'ar Oxford da ke Ingila ta fitar da wani littafin yara mai suna «Tom's Midnight Garden», wanda masu karatu da Faransanci suka sani da «Tom et le jardin de minuit». Marubuciyarsa, Philippa Pearce, ta daɗe tana tsara shirye-shiryen makarantu a gidan rediyon BBC. Labarin wani yaro ne, Tom, da aka raba shi da ƙanensa saboda ƙyanda, aka kai shi gidan dangi inda babu abokin wasa. Wani dare ya ji tsohon agogon gidan ya buga sau goma sha uku, ya sauko ya buɗe ƙofar baya, sai ya tarar da makeken lambu a wurin da ba a ganin komai da rana sai kwandunan shara. A cikin lambun ya sami abokiya, wata marainiya mai suna Hatty. Sai a shafukan ƙarshe yake gano cewa Hatty ita ce tsohuwar nan mai gidan, wadda ke zaune can saman bene, wadda ƴan haya ke shakkarta.

Littafin ya ci lambar yabo ta Carnegie, wadda ta fi kowace daraja a fagen littattafan yara a Birtaniya, kuma a 2007, da aka nemi jama'a su fid da gwani a cikin waɗanda suka taɓa cin lambar a tsawon shekara saba'in, shi ya zo na biyu. Amma wannan tsari na labari, wato yaro ya ƙulla abota da wani na zamanin da ya shuɗe, abokin ya yi ta girma ya bar shi a baya, bai faɗo daga sama ba. Sai da marubutan Ingila suka shafe fiye da shekara hamsin suna juya labarin ratsa zamani kafin ya kai nan. Da farko hanya ce ta koya wa yara tarihi cikin raha. Daga baya ya zama wurin da ake gaya wa yaro abin da girma ke yi wa abota, maganar da ba kasafai manya ke iya faɗa masa baki da baki ba.

Laya da darasin tarihi

Tunanin mutum ya tsinci kansa a zamanin da ba nasa ba, ba baƙo ba ne ga wanda ya san ƙissar Ashabul Kahfi, samarin da suka yi shekara 309 a cikin kogo. Wannan ƙissa ce ta Alƙur'ani, ba a haɗa ta da ƙage. An ambato ta ne don mai karatu ya lura da wani bambanci. Su gaba zamani ya kai su, kuma babu komowa. Labaran da ake magana a kansu a nan, akasarinsu baya suke mayar da yaro, sannan su dawo da shi gida, ya ci gaba da rayuwa da abin da ya gano.

Manya aka fara yi wa irin wannan ƙagaggen labari. A 1895 H. G. Wells ya buga «The Time Machine», inda wani masani ya ƙera na'ura ya hau, ta kai shi shekara ta 802,701. Wadda ta shigo da abin cikin adabin yara ita ce Edith Nesbit (1858–1924), wadda ta san Wells a ƙungiyar Fabian ta masu ra'ayin gurguzu mai sassauci, ƙungiyar da take cikin waɗanda suka kafa ta a 1884. A littafinta «The Story of the Amulet», na 1906, ƴan'uwa huɗu, Cyril da Anthea da Robert da Jane, suna zaune a Landan wurin tsohuwar mai renonsu, mahaifinsu ya tafi ɗauko labarin yaƙi a Mancuriya, mahaifiyarsu tana jinya a tsibirin Madera. Suka sayi rabin wata tsohuwar laya ta Masar, suka shiga neman ɗaya rabin a zamunnan da suka wuce: Masar ta fir'aunoni, Babila, birnin Taya, da Birtaniya a lokacin da Yuliyas Kaisar ke shirin tsallako mata. Nesbit ta nemi taimakon Wallis Budge, masanin tarihin Masar a gidan adana kayan tarihi na Birtaniya, kuma shi ta sadaukar wa littafin.

Littafi ne mai ban dariya da basira. Akwai inda sarauniyar Babila ta biyo yaran zuwa Landan, ta dubi talakawan birnin ta ɗauka bayi ne da iyayengijinsu suka wulakanta, wanda a nan ƴar gurguzun ce ke magana ta bakin sarauniya. Sai dai idan mai karatu ya nemi abota a ciki, ba zai samu da yawa ba. Yaran huɗu ne, sun ishi junansu. Mutanen da suke tararwa a can baya abin kallo ne, kamar kayan da aka jera a gidan tarihi, kuma duk daɗewar da suka yi, suna dawowa a daidai lokacin da suka tashi, shekarunsu da halinsu yadda suka bar su.

A wannan shekara ta 1906 ɗin Rudyard Kipling ya fitar da «Puck of Pook's Hill». A nan ma yaran, Dan da Una, ko motsawa ba sa yi. Wani aljani mai suna Puck ne ke kawo musu mutanen dā a gonarsu ta yankin Sussex, sojan Rum ko jarumin Normandi, su zauna su ba su labari. Akwai abota mai ƙarfi a cikin labaran, irin ta Sir Richard Banormande da Hugh Basaksone, waɗanda ƙabilunsu suka gwabza a 1066, amma abotar manya ce da ake karanta wa yara a matsayin darasin yadda aka haɗa kan ƙasa. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka tashi, aljanin kan shafe abin da suka ji daga tunaninsu don kada su faɗa a gida. Yaron da ake shafe wa tunani kowace yamma ba shi da abin da zai girma da shi.

Nesbit ce dai ta fara taɓo wani abu dabam a «Harding's Luck», na 1909. Dickie, gurgun yaro daga unguwar matalauta ta Deptford, yana komawa zamanin Sarki James na Ɗaya, inda yake da lafiyar ƙafa da gata. A ƙarshe ya zaɓi ya zauna can har abada, don ya bar wa ƴan'uwansa biyu gādon da shi ne ya fi cancanta da shi. A nan tafiyar ta fara samun farashi, kuma ƙauna ce ta sa aka biya shi.

Yaro shi kaɗai a tsohon gida

Babban sauyi ya zo a 1939, da littafin Alison Uttley mai suna «A Traveller in Time». Uttley ƴar manoma ce daga yankin Derbyshire, ta kuma yi digiri a ilmin kimiyyar lissafi da halitta, wato fizik, a Jami'ar Manchester, abin da ba a saba gani ga mata ba a wancan lokaci. Duk da haka ba ta saka na'ura ko laya a labarinta ba. Penelope, yarinya marar ƙoshin lafiya, an kai ta gonar dangi don ta murmure. Ta buɗe wata ƙofa a saman bene, sai ga ta a cikin gidan nan dai, amma shekara ɗari uku da ɗoriya baya, a tsakanin iyalin Babington. Su kuwa mutane ne na tarihi: Anthony Babington ya ƙulla makircin kuɓutar da Mary, sarauniyar Sukotlan, daga tsarewar da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta yi mata. An kashe shi a 1586, aka fille kan Mary a 1587.

Penelope ta san wannan duka daga darasin makaranta. Ta shaƙu da mutanen gidan, musamman Francis, ƙanen Anthony, tana kallonsu suna tafiya zuwa ga halaka, ba ta da ikon kawar da komai. Abubuwa uku da suka zama gādon wannan fage duk sun haɗu a nan: yaro ɗaya tilo da aka raba da iyayensa, tsohon gida da shi kansa ne ƙofar zamani, da kuma shaƙuwar da ba ta da makoma. Hausawa sun ce sabo ake wa kuka. Uttley ce ta fara barin jarumarta ta saba da mutanen dā har rabuwa ta yi mata ciwo.

A watan Satumba na shekarar da littafin ya fito yaƙi ya ɓarke, gwamnatin Birtaniya ta kwashe kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi, akasarinsu yara, daga birane zuwa karkara cikin ƴan kwanaki, don gudun ruwan bama-bamai. Abin da ya sami Penelope a littafi, wato kwana a gidan baƙi nesa da uwa, ya zama abin da yaran ƙasa suka ɗanɗana da jikinsu. Bayan yaƙin kuma manyan gidajen karkara suka fi ƙarfin masu su saboda haraji da rashin barori. Aka rushe ɗaruruwa, aka yanyanka wasu zuwa ɗakunan haya, aka gine lambunansu. Ba yaƙin ne ya haifi wannan irin labari ba, tunda Uttley ta riga shi, amma ya samar masa marubuta masu kewar gidajen da suka ɓace da masu karatu da suka san kaɗaici.

Ɗaya daga cikin marubutan ita ce Lucy Boston, wadda ta sayi wani gida a ƙauyen Hemingford Grey da aka gina tun wajajen 1130, ta kuma fara buga littattafai bayan ta haura shekara sittin. A «The Children of Green Knowe», na 1954, Tolly, ɗan shekara bakwai, ya je hutu wurin kakar mahaifiyarsa ko ta mahaifinsa ta nesa, tsohuwa Misis Oldknow, ya riƙa jin dariyar wasu yara uku, Toby da Alexander da Linnet, har ya kai ga ganinsu da wasa da su. Yaran sun mutu tun a annobar 1665. Saboda haka ba sa girma, ba sa sauyawa, kullum suna nan yadda aka bar su. Abota ce mai daɗi, amma ba ta fuskantar jarrabawa.

Akwai wani abu a littafi na biyu na wannan jeri, «The Chimneys of Green Knowe», na 1958, da ya kamata mai karatu Ba'afirke ya tsaya a kai. A ƙarshen ƙarni na 18 wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ya sayo wani yaro baƙar fata, Jacob, a Barbados, ya kawo shi ya zama abokin ƴarsa makauniya, Susan. Boston ta ba Jacob hankali da jaruntaka. Shi ya koya wa Susan hawan itace, shi ya fid da ita daga gobara, kuma littafin bai ɓoye ƙyamar da wasu mutanen gidan ke nuna masa ba. Sai dai tsohon gidan da ake kewa na Turawan ne. Gidan da aka raba kakannin Jacob da shi, babu wata ƙofa a cikin littafin da ke buɗewa zuwa can.

Lambun Hatty

Abin da Pearce ta ƙara a kan duk waɗannan ƙarami ne a faɗe, amma shi ya sauya fagen: ta bar abokiyar ta girma. An haifi Pearce a 1920 a ƙauyen Great Shelford kusa da Cambridge, mahaifinta mai injin niƙa ne a bakin kogin Cam, kuma lambun da ke cikin littafin lambun gidansu ne, wanda ya fita daga hannun iyalin da mahaifin ya ajiye aiki. Ta kuma amfana da ra'ayin J. W. Dunne, wanda littafinsa na 1927 ya yi iƙirarin cewa a cikin mafarki mutum kan kuɓuce wa jerin jiya da yau da gobe.

Tom yana zuwa lambun kowane dare, makonni kaɗan na hutun makaranta. A wurin Hatty kuwa watanni kan shuɗe tsakanin zuwansa da zuwansa, wani lokaci shekaru. Zamanin lambun ma ba a jere yake ba: itacen da tsawa ta kayar yau, gobe ya same shi a tsaye, wani dare ya tarar da Hatty ƴar ƙarama cikin baƙaƙen tufafi tana kukan iyayenta. Ba mai ganin Tom sai ita da Abel mai aikin lambu, wanda ya ɗauke shi shaiɗani. Har gardama suka yi, kowane yana cewa ɗayan ne fatalwa. Ta nuna masa maɓoyanta, ya koya mata hawan itatuwa, suka gina ɗan ɗaki a kan reshe. Ita ƴar riƙo ce a gidan matar kawunta da ba ta ƙaunarta, shi kuma an tsare shi a ɗaki mai sandunan ƙarfe a taga. Kaɗaicin kowanensu ne ya kira na ɗayan.

Gwanintar littafin tana cikin abin da Tom bai lura da shi ba. Mai karatu yana ganin alamun: Hatty ta fara zancen zuwa gari, ta fara shiga cikin samari da ƴan mata, tana ce wa Tom ya fara zama shara-shara a idonta, har tana iya hango abin da ke bayansa. Shi kuwa hankalinsa na kan wata dabara. Ya lura cewa duk daɗewar da ya yi a lambu, agogon gida ba ya motsawa, sai ya ƙudura zai shiga ya zauna har abada, ya yi ta wasa, ba komawa makaranta, ba girma. Wannan shi ne tsohon burin da ke cikin «Peter Pan» na J. M. Barrie, yaron da ya ƙi girma. Pearce ta ɗauko burin ta gwada shi, ta nuna inda yake karyewa: ko da shi ya tsaya, abokiyar ba za ta tsaya ba.

Karyewar ta zo a lokacin tsananin sanyin 1895, wanda ya auku da gaske, har koguna suka daskare. Tom ya roƙi Hatty ta ɓoye masa takalmanta na zamiya a kan ƙanƙara a ƙarƙashin katakon daɓen ɗakinta, wanda shi ne ɗakin da yake kwana a nasa zamanin. Da safe ya ɗaga katakon ya same su, tare da ƴar takardar da ta bari. Wannan ita ce shaidar da ta tabbatar masa ba mafarkinsa kaɗai ba ne. Suka bi daskararren kogi da takalma guda, ita da sabbinsu, shi da tsofaffinsu, har garin Ely, suka hau hasumiyar babbar majami'ar garin. A can sama ƙanensa Peter, wanda ya daɗe yana karanta labarin Hatty a wasiƙu, ya bayyana na ɗan lokaci, ya dube ta, ya ce wannan ai babbar mace ce. Sai da idon wani ya gani sannan Tom ya gani. A hanyar komowa wani saurayi, Barty, ya rage musu hanya a keken doki. Hira ta yi daɗi tsakaninsa da Hatty, har ta daina ganin Tom kwata-kwata. Babu faɗa, babu cin amana. Hankalinta ne kawai ya koma wani wuri.

A darensa na ƙarshe ya buɗe ƙofa babu lambu, ya yi karo da kwandunan shara, ya ƙwala kiran sunanta cikin kuka har ya tada ƴan haya. Da safe aka tura shi ya ba mai gida haƙuri. Misis Bartholomew, matar marigayi Barty, ta ji sunan da aka daɗe ba a kira ta da shi ba. Ta gaya masa cewa kowane dare tana mafarkin ƙuruciyarta, shi kuma cikin mafarkin nata yake shiga. A daren jiya mafarkin aurenta ta yi, shi ya sa lambun bai zo ba. Ta ba shi labarin sauran rayuwarta, har da ƴaƴanta biyu da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sun yi sallama irin ta baƙo da dattijuwa, ya sauko, sai ya juya da gudu ya koma ya rungume ta kamar yadda ake rungumar ƙaramar yarinya.

An saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Littafin Pearce ya nuna wani abu guda da yaro ke iya hangowa idan aka taimake shi, wato yarinyar da ke cikin tsohuwa. Pearce da kanta ta bayyana cewa abin da ya fi wuyar gaskatawa ga yara shi ne wai tsofaffi sun taɓa zama yara, su ma kuma wata rana za su tsufa. Malamin da ke karanta wa ɗalibai wannan littafi a Maraɗi ko Damagaram yana da abin kwatance a kusa: wasan kaka da jika. Kaka na kiran jikanta miji, jikanyarta kishiya, a yi ta ba'a da ƙwace da ramuwa kamar tsara. Al'ada ta ajiye wa tsoho da yaro filin da za su haɗu a matsayin abokan wasa, filin da marubuciyar Ingila sai da ta nemi agogo mai buga goma sha uku kafin ta buɗe shi. Amma kwatancen yana da iyaka. Jikan da ke tsokanar kakarsa bai zama lalle ya taɓa tunanin cewa ta taɓa yin kuka a bayan ɗaki tana ƴar shekara bakwai ba.

Waɗanda suka biyo baya

Shekaru goman da suka biyo sun ga littattafai biyu da suka zurfafa hanyar. A «When Marnie Was There» na Joan G. Robinson, 1967, Anna ƴar riƙo ce da ta gano ana biyan masu riƙonta kuɗi, ta yanke cewa ba mai sonta don Allah. An kai ta wani ƙauyen bakin teku a Norfolk, ta haɗu da Marnie, ƴar gata a ido, abar tausayi a ɓoye. Wani dare Marnie ta tafi ta bar ta a wani tsohon injin niƙa mai aiki da iska, daga baya ta roƙi gafara ta taga, Anna ta yafe. Sai can aka gano Marnie kakarta ce, wadda ta rene ta tana jaririya, ta mutu ta bar ta. Yafe wa abokiya ya zama yafe wa matattun da take ganin sun gudu sun bar ta, kuma bayan nan ne ta iya yin abota da yara rayayyu. Kamfanin Ghibli na Japan ya mai da shi fim ɗin zane a 2014, aka sa masa «Souvenirs de Marnie» da Faransanci.

Na biyun, «Charlotte Sometimes» na Penelope Farmer, 1969, ya fi duhu. Charlotte ta kwanta a wani tsohon gado a makarantar kwana, ta farka a 1918 a matsayin wata yarinya, Clare, ita kuma Clare ta farka a madadinta. Suna musanya kwana ɗaya bayan ɗaya, ba su taɓa haɗuwa ba, sai dai saƙon da suke bar wa juna a littafin rubutu. Abin tsoron shi ne kusan ba wanda ya lura an yi musanya, in ban da Emily, ƙanwar Clare. Da Charlotte ta maƙale a 1918 na tsawon makonni, ta fara mance ko ita wace ce. Farmer ƴar tagwaye ce, ta san zafin a riƙa kiran mutum da sunan wani. Bayan Charlotte ta dawo zamaninta ta ji cewa Clare ta mutu a annobar murar da ta biyo bayan yaƙin, Emily kuwa tana raye, ta manyanta, ƴarta ma tana cikin manyan ɗaliban makarantar.

Daga nan tsarin ya ƙetare teku, kuma ya ɗauki kaya masu nauyi. A Amurka, Jane Yolen ta buga «The Devil's Arithmetic» a 1988. Hannah, yarinya Bayahudiya da ta gaji da jin tsofaffin gidansu suna maimaita labarin kisan kiyashin da ƴan Nazi suka yi, ta buɗe ƙofa a daren idinsu, ta tsinci kanta a wani ƙauyen Polan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A sansanin gwale-gwale wata yarinya, Rivka, ta koya mata dabarun tsira, ita kuma ta shiga layin mutuwa a madadinta. Da ta dawo teburin gidansu ta dubi lambar da ke zane a hannun tsohuwa Eva, ƴar'uwar kakanta, ta gane ta. Hatty da Misis Bartholomew ne aka sake, amma wannan karo tarihin da Kipling ke koyarwa daga nesa ya shigo cikin abotar kanta.

Tsohuwar hanyar Nesbit ma ba ta mutu ba. Jerin «Magic Tree House» na Mary Pope Osborne, wanda ya fara fita a 1992, aka fassara shi da «La Cabane magique», ya koma ga wa da ƙanwa, da abin sihiri, da zamani guda a kowane littafi: yau dodannin farkon duniya, gobe dalar Masar, jibi birnin Pompei. Yana da amfani ga mai koyon karatu, kuma malamai na son sa don haka. Sai dai yaran cikinsa kan dawo gida kafin a kira su cin abinci, ba su bar kowa a baya da za su yi kewa ba.

Ita kuwa Philippa Pearce ta ci gaba da rubutu, galibi gajerun labarai, ba ta sake komawa ga ratsa zamani irin na Tom ba. Daga baya ta bar Landan ta koma Great Shelford da ƴarta, ta zauna a wani ƙaramin gida kusa da wanda ta tashi a ciki, lambun yana hannun wasu. A can take zaune har rasuwarta a watan Disamba na 2006, tana da shekara 86.